Zauren Laburare: An Biya Kuɗin Mujallu, Ɗalibai Ba Su Sani Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk sun haɗu a kan abu guda, wato kayan karatu na intanet da ɗakunan karatu ke sakawa a shafukansu. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Kamar kullum na cire sunaye, musamman na makarantu, don kada a kira wani ofishin shugaba a kan tambayar da ya yi da zuciya ɗaya.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ma'aikacin laburare ne a wata kwalejin ilimi, ni ke kula da sashen intanet. Bara makaranta ta biya kuɗin wasu rumbunan mujallu. Muka jera tamburansu a shafin laburare, muka kuma sa sanarwa mai yawo a sama. Da rahoton amfani ya zo, kunya ta hana ni kai wa ogana. Yanzu ana maganar ba za a sabunta ba. Ɗaliban ne ba sa son karatu, ko mu ne ba mu iya ba? Daga ƙaramin ma'aikaci, jihar Katsina.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Kafin ka ɗora wa ɗalibai laifi, ga gwajin da nake so ka yi gobe da safe. Tsaya a ƙofar laburare ka tare ɗalibi ɗaya, wanda bai san ka ba ya fi. Ka ce ya ciro wayarsa, da datarsa ba da ta ofis ba, ya nemo maka maƙala guda a kan koyar da lissafi a firamare ta shafinku. Kada ka ce masa uffan. Zuba hannu a aljihu ka yi kallo.

Na san abin da za ka gani, don na sha ganinsa a wuraren da na yi aiki. Zai rubuta sunan makaranta a Google, ya faɗa babban shafin makaranta, ya yi ta laluben inda aka cusa laburare, can ƙasa tsakanin asibitin makaranta da sashen wasanni. In Allah ya sa ya samu, hoton gini da hoton shugaba za su tsaya suna buɗewa a hankali suna shan datarsa. Sai jawabin maraba, sai tarihin kafuwa, sai jerin shugabannin da suka gabata. Daga nan ne zai iso wajen tamburan nan naku: EBSCOhost, JSTOR, ScienceDirect, AGORA. Zai tsaya, ya ɗago kai ya dube ka.

Sunayen nan ni da kai suke yi wa magana. Ɗalibin ajin ƙarshe bai tashi daga barci yana neman EBSCOhost ba. Abin da ya hana shi barci shi ne sufabaiza ta dawo masa da babi na biyu da jan biro, ta ce ya kawo ayyukan da ba su wuce shekara biyar ba. Kun yi kamar mai kemis da ya jera kwalaye da sunayen kamfanoni, mai ciwon kai ya shigo ya dudduba, ba wanda ya ce masa ga na ciwon kai, ya juya ya fita.

Gyaran da ya fi muhimmanci a rubutu yake, kuma ba ya cin ko sisi. A saman shafi, inda yatsa ke fara sauka, ku rubuta buƙatar mutum: "Kana rubuta firojet? Fara daga nan." "Ɗalibin aikin gona ne kai? Ga mujallunka." A ƙarƙashin kowane tambari ku sa layi biyu kawai: me ke ciki, wa zai amfana, a ina yake buɗewa, wa za a nema in ya ƙi. Ɗauki AGORA. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta buɗe shi a 2003 don mujallun noma da abinci, shekara guda bayan hukumar lafiya ta duniya ta buɗe HINARI na mujallun lafiya, kuma yau duka biyun suna ƙarƙashin inuwar Research4Life tare da OARE na muhalli da GOALI na shari'a. Wannan tarihin naka ne, ka riƙe. Ɗalibi kalmar "noma" kawai yake son gani kusa da AGORA. Kuma ba haramun ba ne ku ƙara layin Hausa a ƙarƙashin na Turanci. Ban taɓa jin an rufe laburare saboda ya yi wa mutane magana da harshensu ba.

Sanarwa mai yawo kuwa, ku cire ta. A waya ba ta karantuwa, kafin mutum ya kai tsakiyarta ta wuce.

To amma ko da shafin ya gyaru tsaf, ba zai kira kowa ba. Ba wanda ke leƙa shafin laburare da daddare yadda yake leƙa Facebook. Shafi wurin sauka ne, dole wani ya turo mutum. Masu turowar nan biyu ne a kowace makaranta: lakcara da wakilin aji. Je ka sami malamin da ke koyar da dabarun bincike, ka zauna da shi a ofishinsa, ka buɗe masa JSTOR, ku nemo abin da shi kansa yake rubutu a kai. In idonsa ya buɗe, ka roƙe shi abu ɗaya: a aikin gida na gaba ya ce dole maƙala guda ta fito daga can, a kawo shafinta na farko. Mako guda zai yi maka abin da fosta ba ta yi ba a shekara. Wakilan aji kuma ka tara lambobinsu, ka riƙa tura musu saƙo gajere su jefa a guruf ɗin WhatsApp na ajinsu. Kowane saƙo kaya ɗaya, da linkin da zai kai mutum kai tsaye kan wannan kayan, ba bangon shafi ba. In za ka haɗa da bidiyo, ka naɗo fuskar wayarka kana yin aikin, kada ya wuce minti ɗaya, kada ya yi nauyi. Lambar QR ɗin wannan linki ka buga ta a takarda, ka liƙa a teburan karatu da ƙofar hostal da wajen masu fotokwafi.

Lokaci ma yana da nasa. Mu ma'aikatan laburare mun saba juye duk abin da muke da shi a makon tarbar sababbin ɗalibai, a babban zaure, da rana tsaka, ga yunwa ga lasifika na kuka. Yaron da bai gama gane inda ajinsa yake ba ina ruwansa da mujallu? Makon da sashe ya amince da batutuwan firojet, shi ne kasuwarku. Ku ajiye ƙarfinku sai lokacin.

Wani abin da ke kashe shafukanmu a ɓoye shi ne mataccen linki. Kamfani ya ba da gwajin wata uku, gwaji ya ƙare, tambari na nan da kalmar "sabo" tana walƙiya shekara uku. Ɗalibi ya latsa sau ɗaya ya ga an nemi katin banki, ba zai sake dawowa ba, kuma zai faɗa wa abokansa cewa kayan laburare duk na bogi ne. Ka ware safiyar Litinin, wani ya bi linki ɗaya bayan ɗaya da waya. Wanda ya mutu a cire shi a ranar. Ku kuma sa lambar waya da mutum ke ɗauka, ba adireshin imel da aka manta kalmar sirrinsa ba.

Rahoton nan kuwa ka kai wa oganka, ɓoyewa ba ta gyara shi. Kamfanonin nan suna ba da alƙaluman amfani wata-wata. Ka roƙi semista ɗaya, ka yi waɗannan gyare-gyare, sannan ka ajiye masa na da da na yanzu kafaɗa da kafaɗa. Kuma ka shirya wa gaskiya mai ɗaci: mai yiwuwa cikin abin da kuka saya akwai wanda tun farko bai dace da kwalejin ilimi ba. Irin wannan a bar shi ya tafi, ba asara ba ce. ERIC, rumbun binciken harkar ilimi na gwamnatin Amurka, kyauta ake nema a cikinsa, kuma ya fi kusa da aikinku. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ma ta buɗe dandalin TERAS a 2023 don manyan makarantun gwamnati. Ka bincika abin da ke ciki kafin ku biya kuɗin abu sau biyu.

TAMBAYA: Malam, ina ajin ƙarshe a jami'a. A shafin laburarenmu na ga an ce muna da mujallu dubbai. A cikin makaranta suna buɗe mini, amma da na koma gida hutu sai su ce in biya dala talatin da wani abu kan maƙala ɗaya. Wata ƙawata ta turo wata kalmar sirri a guruf ɗinmu, ta yi aiki kwana biyu ta daina. Yaya zan yi? Daga 'yarka a Gusau.

AMSA: 'Yata, kada ki biya. Ga abin da ke faruwa. Mawallafin ba ya ganin fuskarki, adireshin intanet ɗin makaranta yake gani, wanda ake kira IP. In kin hau wayifai na makaranta, ya ɗauke ki 'yar gida. In kin hau datar wayarki a Gusau, baƙuwa ce ke, sai ya miƙo miki farashi. Makarantu na magance wannan da manhajar shiga daga nesa, irin su EZproxy, OpenAthens, RemoteXs ko MyLOFT. Ki rubuta wa sashen intanet na laburarenku ki tambaya wacce suke da ita, da yadda ake rajista. Galibi da lambar ɗalibi da imel ɗin makaranta ake yi. Wannan bayani ya kamata a ce yana manne da kowane tambari a shafinsu, bai kamata sai kin rubuto wa mujalla ba. Ki faɗa musu haka cikin ladabi.

Kalmar sirrin ƙawarki ba lalacewa ta yi ba, toshe ta aka yi. In mawallafi ya ga asusu ɗaya yana sauke ɗaruruwan maƙaloli daga garuruwa daban-daban a dare guda, sai ya rufe, kuma wani lokaci makarantar gaba ɗaya yake rufewa har sai laburare ya ba da haƙuri a rubuce. Na taɓa zama a kan irin wannan wasiƙar ban-haƙuri ana tsakiyar jarrabawa, malamai na ta buga ƙofa. Kada ki sa hannu a wannan.

Kafin su amsa miki, kada ki zauna. African Journals Online, wato AJOL, ya fara tun 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, na Najeriya ne ma suka fi yawa, kuma da dama a buɗe suke. DOAJ, da aka kafa a jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, mujallun kyauta zalla ya tattara, bayan tantancewa. A Google Scholar kuma, idan kin nemi maƙala, ki dubi gefe ko akwai PDF, in babu ki latsa inda aka nuna sauran kwafinta, sau da yawa marubucin ya ajiye ɗaya a ma'ajiyar jami'arsa. In duk ya faskara, ki rubuta wa marubucin kai tsaye. Imel ɗinsa na shafin farko, kuma ban san malamin da ke jin haushi don an nemi karanta aikinsa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin tarihi ne a lise, ba ni cikin kowace jami'a. Duk abubuwan da kake ambata na 'yan jami'a ne, kuma da Ingilishi. Mu fa masu Faransanci? Daga Damagaram.

AMSA: Malam, kuna da rabo, kuma ba a tambayar katin ɗalibi. Persée rumbu ne na Faransa da ya tara tsofaffin fitowar mujallun ilimin zamantakewa da tarihi, har da na nazarin Afirka, kyauta. Gallica kuma shafin babban laburaren ƙasar Faransa ne, yana aiki tun 1997, cike da tsofaffin littattafai da jaridu da taswirori. Ga mai koyar da tarihin Damagaram abin nema ne sosai: ka nemi abin da jaridun Faris suka rubuta bayan kashe hafsan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ka kai wa ɗalibanka su gwama da abin da suka ji a bakin kakanninsu. Darasi ya samu. Sai dai ka riƙa sauya rubutun sunaye wajen nema, don Turawan da kowa da yadda ya ji: Haoussa, Haussa, Zinder, Damagaram.

Tunda tarihi ne sana'arka, bari in ƙara maka. Jami'ar Boston ta Amurka tana da taskar rubuce-rubucen ajami na Afirka a intanet, da na Hausa a ciki. Laburaren Birtaniya kuma tun 2004 yake da shirin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin salwanta, an yi aikinsa a ƙasashenmu. Abin da ke ci mini rai shi ne da wuya ka buɗe shafin wani laburare namu, a Najeriya ko a Nijar, ka ga ya nuna hanyar waɗannan. Muna ta tallar kayan da muka saya da dala, rubutun kakanninmu da aka ajiye kyauta ko layi ɗaya bai samu ba. Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga cibiyar bincike ta IRSH a Yamai da tarin rubutun hannu. Ɗalibin da ya fara ganin irin wannan a waya shi ne gobe zai tako ƙafa ya je ya ga na ainihi.

TAMBAYA: Malam, ni lakcara ce. Ɗalibina ya kawo jerin manazarta mai kyau kamar a lasa, na bi na duba, kusan rabi babu su a duniya. Da na matsa masa ya ce ChatGPT ne ya ba shi. Sai ga shi na ji laburarenmu na shirin saka irin waɗannan manhajoji a shafinsa. Wannan ba ƙara wa wuta fetur ba ne? Daga Malama a Bauchi.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, ba kowane sufabaiza ke bin manazarta ɗaya-ɗaya ba. Amma ni ina tare da laburarenku, da sharaɗi. ChatGPT ya fito tun Nuwamban 2022, ɗalibai sun riga mu saninsa, yana cikin aljihunsu. Shirun laburare ba zai cire shi daga wayarsu ba. Abin da shirun ke yi kawai shi ne ya bar su su koya daga bidiyon TikTok.

Sharaɗin shi ne kada a jera tambarinsa kusa da JSTOR kamar jinsinsu ɗaya. JSTOR ajiya ce, abin da aka buga yake miƙo maka. Wannan kuwa kalmomi yake harhaɗawa bisa abin da ya fi kama da daidai, shi ya sa yake iya ƙera sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da shekara, ya ɗora musu maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. A ba shi shafinsa daban, a faɗi abin da yake yi da kyau, kamar gyaran jimla ko bayyana abu mai wuya da sauƙi, a faɗi inda yake tuntuɓe, a kuma nuna yadda ake tabbatarwa: a kwafi taken maƙala a sa a Google Scholar, in tana da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, a gwada ta a doi.org. In ba ta fito ba, a jefar. Hukuncin abin da aka yarda ɗalibi ya yi da shi a firojet kuwa ba na laburare ba ne, na majalisar malamai ne. Laburare ya liƙa hukuncin a shafin in an yanke.

Da ni ne, kafin duk wannan sai in fara tallata Zotero. Kyauta ne, jami'ar George Mason ta fitar da shi a 2006. Ɗalibi na kan shafin maƙala zai latsa sau ɗaya, ya ajiye masa marubuci da take da shekara da shafi, in ya zo rubutu ya jera masa su a tsarin APA ko wanda sashe ke so. Yawancin yaran nan ba son zuciya ne ya kai su ga ƙirƙirar manazarta ba, wahalar jerawa ce da ƙurewar lokaci. Ki nemi laburare su ba ajinki awa ɗaya a kan Zotero kafin a fara babi na biyu.

TAMBAYA: Baba, ina aiki a wani ƙaramin laburaren gwamnati a hedikwatar ƙaramar hukuma. Ba mu da shafin intanet, ba kuɗin yin sa, wuta ma sai an ga dama. An ba mu kwamfutoci shida. Me za mu tallata, kuma a ina? Daga jihar Jigawa.

AMSA: Ɗana, kada shafi ya dame ka yanzu. Shafin da ba mai kula da shi gara babu. Fara da sa laburarenku a Google Maps, da lokacin buɗewa da lambar waya, kyauta ne. Sai shafin Facebook, sai sitatus ɗin WhatsApp naka da na abokan aikinka. Mutanen garinku a nan suke.

Kwamfutocin kuma ka cika su da abin da ba ya buƙatar intanet. Akwai manhaja mai suna Kiwix, da ita ake sauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a karanta ba data. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ta saki littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta. OpenStax na jami'ar Rice yana da littattafan kimiyya da lissafi, su ma kyauta. Ka sami rana guda ka je inda intanet ke da ƙarfi da babban filas, ka sauko da su, ka zuba a kowace kwamfuta, ka jera su a manyan fayiloli da sunayen da kowa zai gane: Lafiya, Noma, Lissafi, Hausa.

Sannan ka je makarantun sakandaren garin da ƙafarka ka ga firinsifal, ka ce masa ranar Laraba da yamma kwamfuta shida na jiran 'yan aji shida, goma sha biyu a lokaci guda, biyu-biyu. Ranar da suka zo ka ɗauki hoton allon kwamfutar da abin da suka karanta, ba fuskokin yaran ba, ka sa a Facebook da ranar zama na gaba. Batun wuta kuwa, in kana rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman sola, ka haɗa da rajistar masu zuwa ta wata uku, da kwanan wata da sa hannun kowa.